Shinkafar Da Ba Zai Ci Ba

"Kada ki jiƙa shinkafar nan, Sima."

Hannunta na kan famfo ta tsaya cak. Shekara guda cur rabon da ta ji sunanta a bakinsa, sai ga shi yau ya faɗe shi a bushe kamar mai karanta sammaci.

Ba ta juyo ba.

"Malam Asher, aikinka duba tukwane da wuƙaƙe. Shinkafar kakata ba huruminka ba ce."

"Juyo ki gani."

"Na ƙi."

"Don Allah, Sima..."

Wannan "don Allah" ɗin ne ya karya ta. Ta juyo a fusace da niyyar galla masa harara, sai idonta ya sauka a tafin hannunsa. Ƙwayoyi uku ne, gajeru, masu kauri, kowace da tsaga a tsakiya.

Sha'ir!

Ta matso ta ƙura musu ido.

"A ina ka samo?"

"A buhun Kaka. Sau ɗaya na cusa hannu."

Ta dafa teburin ƙarfe. Yau da faɗuwar rana Idin Ƙetarewa zai shiga, idin da Bayahude ba ya barin ko ɓurɓushin alkama ko sha'ir ya jiƙa a tukunyarsa har kwana takwas. Ƙwaya ɗaya ta dahu a cikin shinkafa, to shinkafar ta haramta, ita da tukunyar. Ga mutum arba'in da biyu suna jiran abincin idi, ga jirgin ruwan yana tsakiyar mashigin Malaka. Tun jiya da yamma suka baro Singafo, kuma jirgin ba zai taɓa ƙasa ba sai jibi a Penang.

Babu kasuwa, babu maƙwabciyar da za a ruga wa. Ruwa ne gaba, ruwa ne baya.

Da ma tun jiya take jin kanta a kurkuku. Mista Nissim Hilali, mai fataucin duwatsun ado, shi ya kama ƙaramin zauren cin abinci na jirgin don dattawan majami'arsu su yi idi a teku, ya roƙi Kaka Toba ta yi girkin kamar yadda ta saba yi wa jama'a shekara arba'in. Kaka ta tsufa, saboda haka aikin ya faɗa a kan jikarta. Sima ta amsa da murna. Sai da aka janye gadar jirgi, ƙaho ya yi kuka, sannan ta sauka ɗan kicin da aka ware musu a hawa na uku, wanda ko taga ba shi da ita, ta tarar da mai sa ido a kan tsarkin abincin tafiyar yana ƙona murhu da wutar gas don ya tsarkake shi.

Asher Brodsky.

Mutumin da ta mayar wa zobensa bara.

Kuma duk a kan shinkafa ne, abin da in ka gaya wa baƙo sai ya yi dariya. Su Sima zuriyar Yahudawan Bagadaza ne, a wurinsu idi ba ya cika sai da shinkafa, amma sai an tsince ta ƙwaya ƙwaya har sau uku a kan farin ƙyalle. Shi kuwa Asher kakanninsa daga ƙasashen sanyi suka fito, inda aka hana cin shinkafa a idin gaba ɗaya. Bara Kaka ta zuba masa da hannunta, ya ture farantin a hankali. Da ya tsaya nan da sauƙi. Sai tsautsayi ya sa ya tambaya ko cokalin da aka ba shi ya taɓa shinkafar.

"A gidana?" Kaka ta ce a ranar. "A gidana ake tambayar ko cokalina mai tsarki ne?"

Kaka kuma ta san abin da kowa ya sani, cewa mace al'adar gidan mijinta take bi. In Sima ta aure shi, shinkafar da uwar Kaka ta taho da girkinta daga Bagadaza ta ƙare ke nan. Ta ce muddin tana numfashi ba za a yi auren ba. Sima kuwa marainiya ce, a cinyar Kaka ta girma. Ta zare zoben tana kuka kamar ranta zai fita.

"Za ka hana a dafa, ko?" ta ce yanzu, muryarta can ƙasa.

Ya ci gaba da kallon ƙwayoyin da ke tafinsa.

"Faɗi mana! Ai ka samu abin da kake so. Je ka shelanta cewa abincinmu ƙazanta ne!"

"Haka kika ɗauke ni?"

"To yaya zan ɗauke ka?"

Hawayen da take riƙewa suka ɓalle. Ta juya masa baya tana sharewa da gefen ɗankwali.

"Ba ta gani, Asher..."

"Wa?"

"Kaka. Shekara biyu ke nan idonta ya tafi, sai inuwa-inuwa. Ba ta yarda kowa ya sani ba. Tana zama ta tsince, ni kuma in faki idonta in sake tsincewa a ɓoye. Wallahi buhun nan sau uku na bi shi da kaina, tas yake muka baro gida!"

Ta haɗiye kuka.

"In aka ce an ga sha'ir, za a ce Toba ta makance, ta kusa ciyar da jama'a haramun. In kuma ba a ga shinkafa a tebur ba, za ta ce kai ka hana. Ko ta ina na juya..."

Ba ta ƙarasa ba.

Ƙofar ta buɗe, ƙamshin turare ya riga mai shi shigowa. Ramona ce, 'yar Mista Nissim, sanye da hular rana mai faɗi, farcenta ya sha jan lalle na kwalba. Ita ta sa ubanta ya ɗauki Asher a tafiyar nan, kuma tun da aka fasa auren take bin sa da kek da murmushi a harabar majami'a. Kowa ya sani, har ɗan sandan da yake gadin ƙofa.

"Ashe kana nan, Asher. Ka duba buhun kamar yadda na ce? Ni dai jiya na ga bakinsa kamar a kwance, na ce gara mai ilimi ya leƙa."

Ta leƙa tafin hannunsa, ta dafe ƙirji.

"Wayyo! Ayya Goggo Toba... tsufa ba daɗi. Sima, kada ki damu, ai akwai dankali. Mutane da yawa dankali suke ci, ko ba haka ba, Asher?"

"Ramona, nan kicin ne mai tsarki," ya ce ba tare da ya kalle ta ba. "Wanda ba ya aiki ba ya shigowa."

Ta taɓe baki, ta juya, takalminta na ƙwas-ƙwas har ta ɓace.

Asher ya dubi agogon bango. Sha ɗaya da kwata. Ya cire kwat ɗinsa ya rataye, ya naɗe hannun riga, ya jawo farin ƙyallen tebur daga cikin waɗanda aka goge don zauren, ya shimfiɗa.

"Me kake yi?"

"Ruwa bai taɓa ta ba. Muddin a bushe take, tsincewa ta isa. Kilo nawa ce?"

"Shida."

"Rana za ta faɗi da ƙarfe bakwai da 'yan mintuna. Zauna."

"Kai? Kai za ka tsince shinkafa?"

"Sai dai ki koya min. A gidanmu ba a taɓa yi ba."

Ta tsaya tana kallonsa. Sannan ta ja kujera, ta ɗebi kofi guda ta zuba a gabansa.

"Da ɗan yatsa ɗaya. Kaɗan-kaɗan kake ja zuwa gabanka. Ba a hira, ba a ɗaga kai."

"An gama, ranki ya daɗe."

"Na ce ba a hira."

Haka suka duƙufa. Injin jirgi na gurnani a ƙarƙashin ƙafafunsu, fitilar sama fara fat, ba ka sanin ko rana ce ko dare. In jirgin ya ɗan karkata sai ƙwayoyin su gangaro su cakuɗe da waɗanda aka gama, a sake komawa baya. Sau biyu Sima tana tashi ta juya miyar kaza, ta duba zumar dabino da za a dangwala ganye mai ɗaci a ciki, ta dawo. Kofin da suke jefa sha'ir ya fara tara ƙwayoyi. Ashirin. Hamsin. Suka daina ƙirgawa.

Wannan ba kuskuren ido ba ne, zubawa aka yi.

Wajen ƙarfe biyu Rodel, kukun jirgin da aka ba su ya taimaka, ya leƙo da tiren dafaffen ƙwai. Ya ga kofin, ya yi dariya.

"A'a, ga sauran sha'ir ɗina! Cikin baban madam ya lafa?"

"Wace madam?" in ji Sima.

"Mai jan farce. Jiya ta karɓi kofi guda a babban kicin, wai za ta dafa wa babanta ruwan sha'ir da lemun tsami."

Ya ajiye tiren ya fita abinsa.

Sima ta miƙe zumbur, kujera ta kife.

"Yau sai na cire mata farcen nan ɗaya bayan ɗaya!"

"Zauna, Sima."

"Ba zan zauna ba!"

"In kika hau sama kika yi faɗa, rana za ta faɗi da sauran zagaye biyu. Wanne ya fi miki, kunyata Ramona ko mutuncin Kaka?"

Ta tsaya tana huci. Ta ɗaga kujerar ta zauna, ta mayar da yatsanta kan ƙyallen.

Can, ba tare da ta ɗago ba, ta karya dokar da ita ta kafa.

"Me ya sa ka tambayi cokalin nan?"

Ya ja wasu ƙwayoyin zuwa gabansa.

"Wauta. Wata uku ke nan da rasuwar babana a lokacin. Yana kwance ya riƙe hannuna ya ce, duk inda duniya ta kai ka, ka yi idi yadda muka yi. Tsoro ya sa na wuce gona da iri. Ko doka ba ta hana cokalin ba, Sima. Na je gidanku sau huɗu in ba ta haƙuri, ba ta buɗe ƙofa ba."

"Na sani. Ina bayan labule."

"Na ga ƙafarki."

Dariya ta kusa kuɓuce mata, sai kuka ya riga ta.

"Na gaji, Asher... Na gaji. In na kalle ka in ji na ci amanarta, in na kalle ta in ji na ci amanar zuciyata. Ina zan sa kaina?"

"Simata..."

"Kada ka kira ni haka."

"Zumata, ɗago ki kalle ni."

"Ba a ɗaga kai," ta ce, hawaye na ɗiga. Ta yi sauri ta kawar da fuska don kada ya jiƙa shinkafar.

Sun gama zagaye na biyu ke nan, ƙarfe huɗu ta gota, suka ji ƙarar sanda a kan matakalar ƙarfe. Ƙwal. Ƙwal. Ƙwal.

Sima ta daskare.

"Ina yake?" Muryar Kaka Toba ta cika kicin tun kafin ta shigo. "Ina ɗan mutanen sanyin da aka ce ya hana a dafa shinkafata? Ramona ta gaya min komai! Bara cokalina, bana tukunyata?"

Ta shigo tana haki, 'yar tsohuwa ƙarama cikin doguwar riga ruwan toka. Hawa biyar ta sauko ita kaɗai tana laluben bango.

"Kaka, ki tsaya ki ji..."

"Rufe min baki, ke kuma!"

Ta kai hannu za ta dafa tebur, sai tafinta ya sauka a kan ƙyalle, a kan shinkafa a baje. Yatsunta suka fara tafiya a hankali, suka bi tarin da aka gama, suka tsallaka, suka ci karo da wani hannu. Babba, mai gashi, da yatsa ɗaya a miƙe a kan ƙwayoyi.

Ta shafa shi har wuyan hannu.

"Hannun wa ke nan?"

"Nawa ne, Kaka. Asher."

"Me kake yi da shinkafata?"

"Tsincewa."

"Tun yaushe?"

"Tun sha ɗaya."

Sima ta tura mata kofin a tsorace. Kaka ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta murza tsakanin yatsu, ta kai hanci.

"Wannan gogaggen sha'ir ne, na dafa ruwan sha. Ba daga gona ya biyo buhu ba, kuma ba daga gidana ya fito ba." Ta ajiye. "Wa ya kwance min ƙulli?"

Sima ta gaya mata abin da Rodel ya faɗa. Kaka ba ta sake tambaya ba, don tsohuwar ba ta da ido amma ba a taɓa cewa ba ta da kai ba.

"Zagaye na nawa?"

"Saura na uku," in ji Sima.

"Ba ni kujera."

"Kaka, idonki..."

"Idona me? Kina tsammanin ban san kina bin bayana kina sake tsincewa ba? Shekara biyu ina jin ki, munafuka. Ni da yatsa nake gani. Matsa!"

Su uku suka yi zagayen ƙarshe. Kaka ba ta ko sunkuyar da kai ba, fuskarta na kallon bango, yatsunta na gudu kamar na mai saƙa. Ƙwaya biyu ta ciro daga tarin Asher, ta ɗaga kowace sama.

"Ka ga aikin masu ido."

"Na gani, Kaka."

Ban da wannan ba ta ƙara ce masa uffan ba. Da aka ɗora tukunya ta miƙe, ta ce Sima ta kai ta ɗaki ta shirya. A hanya Sima ta yi ta satar kallon fuskarta, ba ta karanci komai ba. Zuciyarta ta ƙara nauyi. An ceci shinkafa, amma ita tana nan inda take.

Rana ta faɗa cikin teku, mata suka kunna fitilun idi, zauren ya cika. Aka yi addu'a a kan kofin inabi na farko, aka karya gurasa marar yisti. Asher na can ƙarshen tebur, Ramona ta san yadda ta yi ta zauna kusa da shi.

"Nissim," Kaka ta kira daga ɗaya ƙarshen teburin, murya a sake. "Yaya cikin naka? Ruwan sha'ir ɗin ya yi amfani?"

Mista Nissim ya ɗago da mamaki.

"Cikina, Goggo? Lafiyata ƙalau. Wane ruwan sha'ir a lokacin idi?"

"Au. To tambayi 'yarka, ita ta karɓo maka kofi guda a kicin."

Ya juya ya dubi Ramona. Ta sunkuyar da kai tana wasa da farcenta, fuskarta ta yi ja har kunne. Kallon da uban ya yi mata ya isa, ba a ƙara tayar da zancen ba.

Sai aka zo wurin da yara suka fi so. A ƙulle ɓallin gurasa a ƙyalle, a rataya wa ƙaramin yaro a kafaɗa, ya fita ya ƙwanƙwasa ƙofa kamar matafiyin da ya fito daga bauta, babba a gida ya yi masa tambayoyi huɗu. Jikokin Mista Nissim har sun fara tsalle. Kaka ta ƙulle gurasar, ta riƙe ta a cinya.

"Bana babba zai ɗauka. Kai, ɗan sanyi. Zo nan."

Kowa ya juya ya dubi Asher.

Asher ya taso. Ta lalubi kafaɗarsa ta rataya masa, ta tura shi waje. Sima ta damƙe gefen kujerarta da hannu biyu.

Ƙwan! Ƙwan! Ƙwan!

"Wane ne?" in ji Kaka.

"Matafiyi ne."

"Daga ina kake?"

"Daga Masar."

"Ina ka nufa?"

"Urushalima."

"Me ka ɗauko?"

"Gurasa marar yisti."

A nan ake cewa shigo, kowa ya tafa. Wasu har sun ɗaga hannu. Kaka ba ta ce shigo ba.

"In na mutu, wa zai tsince wa jikata shinkafa?"

Sima ta juya ta dubi ƙofar.

"Ni, Kaka," muryarsa ta zo daga bayan ƙofa. "Sau uku, kowace shekara. A gidana za a dafa ta, ita da 'ya'yanta su ci."

"Kai fa? Za ka ci?"

Sima ta runtse ido. Ka ce e, ta roƙa a ranta. Don Allah ka ce e kawai, ko sau ɗaya...

Ruwa na ta dukan jikin jirgi.

"Ba zan ci ba, Kaka. Na yi wa babana alkawari."

Wata dattijuwa ta ce "ayya" a hankali. Hawaye suka zubo wa Sima. Shi ke nan, ya sake rushe komai da bakinsa.

Kaka ta gyara zama.

"Da ka ce za ka ci, da a waje za ka kwana. Wanda ya saki maganar ubansa don mace, gobe zai saki tawa." Ta buga sandarta a ƙasa. "Buɗe masa, Sima. Ko sai na tashi da kaina?"

Ba ta san lokacin da ta isa ƙofar ba. Ta ja ta da ƙarfi, ga shi tsaye da ƙullin gurasa a kafaɗa, idonsa ya yi ja.

"Shigo..." ta ce. "Shigo, masoyina."

"An yarda in ɗaga kai yanzu?"

"An yarda."

Zauren ya ɓarke da tafi da guɗa, har ma'aikatan jirgi suka leƙo.

Da aka kawo abinci, Kaka ta sa aka dawo da kujerarsa kusa da tata. Ita ta riƙe ludayi, tana zuba wa kowa shinkafa ja mai ƙamshin kaza. Da ta zo kan farantin Asher ta tsallake, ta cika na Sima har ya yi tozo.

"A ba shi dankalinsa," ta ce.

Sannan ta lalubi cokalin da ke gabanta, ta goge shi da gefen mayafinta, ta danƙa masa a hannu.

"Ungo. Bai taɓa shinkafa ba, kafin ka tambaya."